Azumin da Na Riƙe Karnukan Mami

A shekarar da azumi ya faɗo cikin watan Maris, ina gida, ba na zuwa aiki. An yi mini tiyata a ciki, likita ya ba ni dogon hutu, ya hana ni ɗaukar abu mai nauyi da hawan babur, ya kuma ce in ajiye azumi sai na gama shan magani in rama. Na daɗe ina buga takardu a wani ofishin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa, inda na'urar sanyaya ɗaki ba ta hutawa. Da sassafe nake fita, sai magariba in dawo. Ashe ban san yadda gidanmu na New Bell yake da rana tsaka ba, ko da yake a cikinsa aka haife ni.

Zafin Douala jiƙaƙƙe ne. Ba ya ƙona fata irin yadda matan Garoua da Maroua na unguwarmu suke ba da labarin nasu. Shi lulluɓe mutum yake yi, kamar an tsoma bargo a ruwan ɗumi an yafa maka. Ka yi wanka, kafin ka gama shafa mai ka sake jiƙewa. Gidan na kakanmu ne, wanda fataucin goro ya kawo shi garin nan bai koma ba. Ɗakuna ne a jere, rufin kwano ba silin, tsakar gida 'yar siririya. Da hantsi kwanon yake fara ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana jifansa da tsakuwa. Ruwan kwatar bayan gida ya tsaya cak, warinsa ya taso. Wuta kuwa sai ta ga dama, fankar ɗakina takan ɗan juya ta mutu, in zauna ina kallonta. Ba na iya kwanciya, ba na iya zama. In na kwanta ɗinkin cikina ya kama ƙaiƙayi, in na tashi jiri ya ɗebe ni. Daga ɗaki zuwa baranda, daga baranda zuwa bakin famfo in murɗa in ji ko ruwa ya zo, in dawo. Inna, mahaifiyata, tana kan tabarma da carbinta tana bina da ido. Ni ce 'yar farinta, ba ta kiran sunana, sai dai ta ce, "Ke, nemi wuri ki zauna, kina sa ni jiri."

Bayan katangarmu akwai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Basa, Kirista, da kowa yake kira Mami. Ungozoma ce a asibiti kafin ta yi ritaya, yaran layinmu da yawa a hannunta suka faɗo duniya. Ita kaɗai take zaune, ɗiyarta guda tana aure a Yaoundé. Tana da ƙananan karnuka biyu, waɗanda da kaɗan suka fi kyanwa girma, da wata Baturiya ta bar mata lokacin da za ta koma ƙasarsu. Ɗaya namiji ne, tsoho, fari, gashi ya rufe masa ido, hancinsa kamar an danna shi ciki da yatsa. Ɗayar mace ce, ja-ja, mai gajeren gashi da kunnuwa a tsaye, ba ta zama wuri ɗaya. Muna zumunci da Mami. In Sallah ta zo mu kai mata nama, in Kirsimeti ta zo ta aiko mana da lemon kwalba. Ta san halin Inna game da kare, takan kulle su a ɗaki da zarar ta ji sallamarmu.

Ana cikin goman farko na azumi Mami ta yanke jiki ta faɗi a bakin shagon mai burodi. Hawan jini, aka ce. 'Yan cocinsu suka kai ta asibiti, daga can ɗiyarta ta zo da mota ta wuce da ita Yaoundé. Cikin ruɗanin nan ba wanda ya tuna da karnuka. Sai washegari da hantsi na fara jin kuka ta bayan bango. Ba haushi ba ne, wani siririn kuka ne irin na jaririn da ya gaji. In ya lafa sai a ji ana kartar ƙofa. Na zaga, na dawo, na sake zagawa. Makullin Mami na ajiya yana wurinmu tun da daɗewa, a rataye bayan ƙofar Inna. Na tsaya gabanta na ce zan je in duba. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta dai kau da kai, ni kuwa na zare makullin.

Da na buɗe ƙofar, zafin da ya bugi fuskata sai da na ja da baya. Taga a rufe, kwanon ruwansu a kife. Karyar ta yo kaina tana tsalle, ni da ban taɓa barin kare ya taɓa ni ba na manne a bango ina salati. Tsohon yana kwance ƙarƙashin gado, harshe a waje, cikinsa yana bugawa kamar zugazugin maƙeri. Na ɗebo ruwa a duron Mami na zuba musu. Karyar ta sha har ta yi amai, ta koma ta sake sha. Da farko niyyata in bar musu ruwa da abinci in riƙa leƙowa, amma wurin nan ba na barin mai rai ba ne. Ciki da falo ne kawai, ƙofa a kan layi, babu ko tsakar gida. Na sa tsohon a kwandon cefanen Mami, na ɗaura wa karyar igiyarta, muka fito.

Inna ta miƙe tsaye da ta gan mu, abin da ba ta cika yi da sauri ba.

"Ina za ki kai su?"

"Bayan ɗakin girki, Inna. In na bar su can mutuwa za su yi."

Ta daɗe tana kallon kwandon, sannan ta kafa sharuɗɗanta. Ba za su taka baranda ba, ba za su kusanci buta ko tabarmar sallah ba, kwanon da suka ci a ciki ya fita daga kwanoninmu har abada, kuma ranar da Mami ta dawo ranar za su bar gidan. Na ce na ji. Ta ce zanin da yake jikina in cire in wanke kafin la'asar.

Bayan ɗakin girkinmu akwai ɗan lungu tsakanin bango da bango, inda muke jibge gawayi da tsofaffin bokitai. Rana ba ta shiga sai kusan azahar, amma in ta shiga ba ta da tausayi. Na share wurin, na ɗaura tsohon buhu daga sama ya zama rumfa. Nan zirga-zirgata ta samu inda za ta dosa. Ban san komai game da kare ba. Na kira wata abokiyar aikina da take da shi, ta yi mini bayani da Faransanci tana dariya: kare ba ya gumi kamar mutum, ta baki yake fitar da zafi, a riƙa jiƙa masa ciki da tafin ƙafa, kada a bar shi ya taka siminti mai zafi. Na jiƙa tsofaffin tawul na shimfiɗa musu. Kafin in juya sun ɗumame, in ɗauke in sake jiƙawa. Ruwan famfo ba ya zuwa sai da sassafe, shi ma siriri, don haka abin da muka tara a jarka sai an yi masa rabo: na girki, na alwala, na wanka, yanzu ga na karnuka. Daga na wankana nake ragewa, don kada Inna ta ga nata ya taɓu.

Ƙanƙara ce babbar wahala. Unguwa duk azumi ake yi, kowa yana neman ta buɗa baki, ga wuta babu. Wata mata 'yar Garoua tana da babban firji da janareta a layin masallaci, tun azahar ake taruwa a ƙofarta. Ni ma in je in tsaya, hannu ɗaya a dafe da ciki, in karɓi ƙulli biyu, ɗaya na zoɓon Inna, ɗaya in fasa a kwanon karnuka. Ranar da matar ta ji inda ƙanƙararta take zuwa, ta riƙe haɓa, ta ce da Hausarta mai gauraye da Fillanci, masu azumi suna rasawa kare yana samu? Ni ma tambayar ta tsaya mini a rai. Washegari ta sayar mini, amma ba ta dubi fuskata ba.

Ni da karnukan nan mu kaɗai ne masu shan ruwa da rana a gidan. Kunya nake ji in sha a gaban Inna, ga leɓenta a bushe, don haka in lokacin magani ya yi sai in ɗauki kofina in tafi lungun. In zauna kan kifaffen bokiti ina kurɓa, su suna lasa, muna kallon juna.

Magana ta bazu a layi. Kawu, ƙanin mahaifina mai shagon atamfa a kasuwar Marché Congo, ya zo shan ruwa wata rana, ya ce ya ji a masallaci wai mun fara kiwon karnuka. Na ɗauka faɗa zai yi. Ya tashi ya leƙa lungun daga nesa, hannuwa a baya, ya dawo ya zauna. Ya ce shi dai abin da ya sani, amanar maƙwabci amana ce, kuma dabbar da take hannun mutum za a tambaye shi ita, amma kada in saba, kada su shiga ɗaki. Inna ta ce wa ya ce masa za su shiga ɗaki? Daga nan suka koma zancen yadda kasuwar Sallah ta yi sanyi. Da zai tafi na ce masa gashin tsohon karen ya yi yawa, washegari ya aiko mini da tsohon almakashinsa na yanka yadi.

Askin nan wuni ya ci mini. Gashin ya cukurkuɗe, a ƙarƙashinsa fatar ta yi ja da ƙuraje, ga kaska a bayan kunne. Yana ta zillewa, gumi yana ɗiga daga haɓata a kansa. Da na gama ya fito wani iri, nan tudu nan kwari. Karyar ta riƙa zagaya shi tana shinshina kamar ba ta san shi ba. Inna ta hango shi daga baranda, ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi, ta ce Allah ya shirye ni.

Amma bai samu sauƙi ba. Karyar tana da dabara. Ta tona rami a gindin bango inda ruwan wanke-wanke yake bi, ta shige ta kwanta, ta fito duk caɓi. Shi kuwa hancinsa ne ciwonsa. Numfashi yake yi da ƙara kamar mai minshari, ko da idonsa biyu. Ina ɗaki ina jin sa. In ƙarar ta yi yawa in fito, in ta ɗauke in fito da sauri. Na daina ma ƙoƙarin barcin rana.

Wata rana cikin goman tsakiya gari ya waye babu iska ko kaɗan. Sama ta yi fari fat, ba rana sosai ba, ba kuma hadari ba, ko ganyen mangwaron masallaci ba ya motsi. Wuta tun jiya ba ta zo ba, mai ƙanƙara kuma man janaretanta ya ƙare. Wajen azahar na leƙa lungu na tarar da tsohon kwance a gefe ɗaya, ƙafafu a miƙe, harshensa ya yi shuɗi-shuɗi, yawu yana dalala. Na kira shi bai ɗaga kai ba. Na kwara masa sauran ruwan jarka, na kira abokiyar aikina. Ta ce akwai likitar dabbobi a unguwar Deïdo, ta kwatanta mini wurin, ta ce in tafi yanzu, kada in jira yamma.

Na naɗe shi a jiƙaƙƙen tawul na sa a kwando. Inna ta tare ni a bakin ƙofa.

"Likita ya hana ki hawan babur."

"Na sani, Inna."

"In ɗinkin ya buɗe fa?"

Na gyara riƙon kwandon. Ta dube ni, ta dubi kwandon, ta koma ɗaki ta fito da gyalenta, ta ɗaure mini ciki tamau kamar mai jego. Ta ce in gaya wa mai babur ya bi a hankali.

A bakin titi duk tasin da ta zo a cike take. Masu babur na haya suna jere ƙarƙashin wata rumfa, kowa ya kwantar da kai a kan mashin ɗinsa. Na farko ya leƙa kwandon ya ce yana azumi, ba zai ɗauki kare ba. Na biyu ya yi dariya ya tambaye ni da Faransanci ko na miya ne. Na uku wani dattijo ne siriri, Bafillace ɗan Ngaoundéré. Shi dai ya nuna mini in riƙe kwandon a gefe kada ya taɓa masa riga. Muka bi ta Nkololoun, cikin hayaƙin motoci da ƙarar masu walda, kowane rami ina jin sa a cikina. Tawul ɗin ya bushe tun ba mu yi nisa ba. A wani wuri da cunkoso ya tsayar da mu, dattijon ya kira mai sayar da ruwan leda, ya karɓi ɗaya, ya huda da ɗan makulli, ya miƙo mini ta baya ba tare da ya juyo ba. Na matse shi a kan tawul ɗin.

Likitar matashiya ce, ba ta da yawan magana. Ta karɓe shi, ta auna zafin jikinsa ta girgiza kai, ta sa masa ruwa a jijiya, ta juya fanka kansa. Akwai benci a wurin jira, ɗakin da ɗan sanyi, amma na kasa zama. Na fita waje na ga dattijon bai tafi ba, yana zaune a inuwar wani shago. Daga nan ana hango motocin da za su hau gadar kogin Wouri, a tsaye, rana tana ƙyalli a gilasansu. Na koma ciki, na sake fitowa. Kafin la'asar likitar ta kira ni ta ce zuciyarsa ta tsaya. Ta ce irin waɗannan masu gajeren hanci ba don garinmu aka yi su ba, ga tsufa, kuma kullen da suka sha a ɗaki ya riga ya taɓa masa ƙoda. Ta dafa kafaɗata ta ce ashiya, irin jajen mutanen nan. Na yi mamakin kaina da na ji hawaye suna zubo mini. Ban taɓa shafa shi don so ba, duk taɓawar da na yi masa ta aiki ce.

Ta ce in ina so su za su zubar da gawar. Na ce a'a, ba nawa ba ne. Dattijon ya mayar da mu New Bell. Bayan ɗakin Mami akwai ɗan fili da bai fi faɗin tabarma ba, da ayaba guda a tsaye. Wani kafinta ɗan cocinsu ya zo da shebur ya haƙa rami a gindinta, muka rufe shi a cikin tawul ɗinsa.

Abin da Inna ta ji tsoro ya faru, gefen ɗinkin ya ɗan buɗe, zazzaɓi ya biyo baya. A asibiti na sha faɗa, aka ƙara mini hutu, aka ce wannan karon kwanciya dole. Kwanciyar nan ta fi komai wuya. Karyar ta daina cin abinci, sai zagaye lungu take yi tana kuka, ina kwance ina ji, in juya nan in juya can, katifa ta jiƙe a ƙarƙashina. Wata azahar na ji shiru ya yi yawa. Na lallaɓa na kama bango na leƙa ta taga. Inna ce tsaye nesa da bakin lungun, ta tattare zaninta da hannu ɗaya, ta miƙa ɗayan iya tsawonsa tana kwarara ruwa a kan siminti. Karyar ta zo ta baje cikinta a wurin da ya jiƙe. Inna tana yi mata magana ƙasa-ƙasa, wai ta yi haƙuri, kowa ma zafin yake ji. Sannan ta ɗauki sanda ta tura mata kwanon abinci. Haka ta riƙa yi kullum har na tashi, da sanda, daga nesa. Ba ta taɓa ta ba ko sau ɗaya, ni kuma ban nuna mata na gani ba.

Ruwan farko ya sauko gab da Sallah, da la'asar. Iska ta fara, kwanoni suka ɗauki ƙara, mata suna ta fito da bokitai da robobi. Kwata ta cika ta shigo mana tsakar gida kamar yadda ta saba. Da aka yi tsawa karyar ta tsinke igiya, ta haye baranda, ta shige ƙarƙashin kujerar Inna tana makyarkyata. Inna ta ɗaga ƙafafunta sama ta ce in zo in cire mata abin nan. Na ce sai ruwa ya tsagaita, ta yi tsaki, ta ci gaba da zama ƙafa a sama har ya tsagaita. Bayan nan aka wanke barandar da sabulu. Washegari rana ta fito, ƙasa ta riƙa tururi, zafi ya dawo kamar ba a yi komai ba.

Mami ta dawo bayan Sallah da 'yan makonni, tana dogara sanda, bakinta ya karkace, maganarta ba ta fita sosai. Ba zama ta zo yi ba, ɗiyarta ce ta kawo ta su kwashe kaya su koma Yaoundé gaba ɗaya. Na wanke karyar na kai mata. Tun daga ƙofa ta fizge igiya ta haye cinyar Mami tana lasar wuyanta. Mami ta rungume ta da hannunta mai lafiya, amma idonta yana bayana, tana jiran na biyun. Na durƙusa a gabanta na gaya mata komai da Faransanci, ban rage ba. Ta saurara har na gama. Da ƙyar ta haɗa kalmomin ta tambaye ni ko ya sha wahala.

"Ya sha, Mami," na ce. "Amma a hannun likita ya cika, ba a kulle ba."

Ta gyaɗa kai, ta ce a kai ta ta ga wurin. Ni da ɗiyarta muka riƙe ta muka zaga bayan ɗaki. Ta tsaya a gindin ayabar tana motsa baki, ba mu ji abin da take cewa ba, har ƙafarta ta gaji muka dawo da ita.

Da za su tafi na jiƙa tawul na shimfiɗa a kujerar baya, na ce wa ɗiyar kada ta rufe gilashi, kuma ta tsaya a hanya ta ba karyar ruwa. Motar ta fita daga layinmu da ƙyar saboda caɓi. An ba wani tela da iyalinsa hayar ɗakin. Mami ta rasu a can Yaoundé da damina ta zagayo, ɗiyarta ce ta kira ni ta gaya mini. Na yi mata gaisuwa, Inna ma ta karɓi wayar ta yi mata. Kafin mu ajiye, ɗiyar ta ce karyar tana nan, ta yi ƙiba, yaranta sun lalata ta da biskit.